Wa Zai Ba Da Surayya?

"Wallahi Baba ban yarda ba! Ni kai na sani, kai za ka ba da ni!"

Surayya ce tsaye a ƙofar kicin, idonta taf da hawaye. Baba Tankari ko ɗagowa bai yi ba, albasarsa yake ta yankawa.

"Ɗiyata, miƙo min tukunyar can."

"Ba zan miƙo ba sai ka amsa min!"

"To, zamna nan ki yi ta tsayuwa."

Haka yake. Tsohon nan in ya kafe a kan abu, ko duk mutanen Guangzhou, birnin China da suke zaune, za su taru su roƙe shi, a banza.

Baba Tankari ba shi ya haifi Surayya ba. Mutumin Damagaram ne, yana cikin Hausawan farko da suka zauna a unguwar Dengfeng, inda ya mai da falon gidansa na haya wurin sayar da tuwo da miyar kuka. Mahaifinta, Malam Abdulhakeem, Bakano ne da ya zo karatu ya zarce da yi wa ƴan kasuwa tafinta. Matarsa ta riga shi rasuwa, shi ya sa kullum nan yake zuwa cin abinci da ƴarsa a hannu. Ranar da zazzaɓi ya tafi da shi, Surayya ba ta fi shekara goma ba. Aka dawo daga maƙabarta, kowa ya yi addu'a ya kama gabansa. Baba Tankari ne ya riƙo hannunta ya ce da ɗansa, "Izzuddeen, ga ƙanwarka."

Tun daga nan faranti ɗaya suke ci. Izzuddeen ke goya ta a keke zuwa makaranta, shi ke dambe da duk yaron da ya taɓa mata kitso. Suka girma, ita ta shiga jami'a, shi ya zama mai raka ƴan kasuwa saro kaya a kasuwar Shahe. Rannan ya tare ta a kan matakala yana ta sosa ƙeya.

"Surayya... ni fa na gaji da Yayan nan da kike kira na."

"To me zan ce maka?"

"Kin sani mana."

Ta sani ɗin kuwa, ta ma riga shi sani. Da gudu ta haye sama tana rufe fuska da mayafi.

Da labari ya isa kunnen Baba, sai da ya yi hawayen murna. Duk rigimar nan daga baya ta taso, kuma talabijin ce ta jawo ta.

Kowace yamma bayan magariba, in masu cin abinci sun ragu, akwai wani wasan kwaikwayo na ƴan China da Baba ba ya yarda ya wuce shi. Labarin wani tsoho ne mai gyaran keke da ya riƙe yara biyu da ba nasa ba. Shi kuwa Baba, duk daɗewarsa a ƙasar, yarensu bai wuce laoban in zai kira mai kanti ba, sai meiyou in zai ce babu. Surayya ce ke zama a gefensa tana fassara masa.

"Me ya ce? Ke, me ya ce?"

"Baba ka bari ya gama faɗa mana!"

A wata yamma aka nuno dangin macen cikin yaran sun zo ɗaukarta, tsohon ya tare ƙofa da sanda. Surayya ta yi tsaki.

"Ina suke lokacin da take yawo ba takalmi?"

Baba ya ce, "A'a. Tsohon nan bai kyauta ba. Jininsu ce."

Washegari ya fara bin Kanawan da ke zuwa cin tuwo da tambaya, wa ya san dangin Malam Abdulhakeem? Har aka dace da wani ɗan Kantin Kwari ya ba shi lambar ƙanin marigayin, Alhaji Maidaji. Abin da ya kawo Surayya ƙofar kicin da kuka ke nan.

"Baba, ko liman ya ce wanda ya riƙi marainiya zai iya ba da aurenta..."

Ya ajiye wuƙar, ya juyo.

"Liman ba zai je Kano ya toshe bakin mutane ba. Gobe a ce Tankari ya samu ɗiyar mutane a ƙasar waje ya cusa wa ɗansa? Ke ba tsintacciya ba ce, Surayya. Kina da gida. Zan durƙusa gaban baffanki da goro in roƙe ki, kamar yadda ake roƙon kowace ɗiya mai gata."

"Ni kai ne gatana!"

"Na ji. Miƙo min tukunyar."

Ranar da aka kira Kano, Surayya ta haɗe rai tana jiran ta ji muryar mugu. Sai ta ji dattijo yana kuka kamar yaro. Ashe sun yi cigiya har sun gaji, wasu suka ce musu an kai ta gidan marayu, wasu suka ce ta bi mahaifinta.

"Malam Tankari," in ji Alhaji Maidaji, "me zan ce maka? Na wakilta ka. Ka ɗaura, duniya da lahira na yarda."

Izzuddeen ya kai hannu ƙirji yana hamdala. Baba ya girgiza kai.

"Alhaji, aure ba kwantena ba ne da za a yi odarsa ta waya. Ka zo ka ga yaron da idonka, ka ga inda ta tashi. In bai yi maka ba, ka hana."

"Baba!" Su biyun suka haɗa baki.

"Ku yi min shiru, manya na magana."

Alhaji ya yi alkawarin zuwa. To amma shekarar ce ƙasar China ke shirin wasannin Olamfik, an tsaurara ba da biza. Ya je ofishin jakadanci aka ce ya dawo, ya koma aka ce ya jira sai an gama wasanni. Dengfeng kanta ta yi tsit, ƴan kasuwa sun ragu, tuwo har kwana yake yi a tukunya.

Shi kuwa Baba ƙafafunsa sun fara kumbura. In ya hau matakala sai ya tsaya ya dafa bango yana mai da numfashi. Surayya na gani, ta je ta samu Izzuddeen.

"Yaya Izzu, ka yi masa magana. Wallahi tsoro nake ji."

"Na yi, masoyiya. Na ce ko a ɗaura yanzu, in Baffa ya zo a yi biki. Cewa ya yi in na ƙara tayar da zancen zai fasa min kai da ludayi."

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka. Ya miƙa mata hankicinsa, ya tsaya yana kallonta.

Cikin watan Agusta, gari ya cika da tutoci, kowace talabijin guje-guje da tsalle-tsalle take nunawa, har wasan mai gyaran keke an dakatar da shi. Wani hantsi Baba na tuƙa tuwo, muciya ta suɓuce daga hannunsa. Kafin Surayya ta iso ya zube.

A asibiti likita ya ja ta gefe, da yake ita ke jin yaren. Ya ce zuciyar ta gaji, an daɗe da makara. Ta wanke fuska ta koma ciki tana murmushin ƙarfin hali.

"Me ya ce?" Baba ya tambaya a hankali.

"Ya ce hutu kake buƙata."

"Ɗiyata... yau fassarar taki ba ta yi ba."

Ta durƙusa a gefen gadon ta kama hannunsa, hannun da ya koya mata ɗaura zane da karanta Fatiha.

"Baba don Allah! Ga waya nan, ga Yaya nan, a kira liman yanzu. Ka ba da ni da bakinka, ko ka karɓe ni, duk wanda ka ga dama. Ni dai a yi kana nan!"

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga kamar zai sauko, har Izzuddeen ya zaro waya.

"Alhaji ya kusa zuwa," ya ce. "Mun yi haƙurin mai yawa, saura kaɗan. Ina so in ga ranar da za a ce ga dangin amarya, a nuna mutum."

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa.

"Yarinyar nan ta talabijin... ta bi su ne?"

Surayya ba ta sani ba, ba wanda ya sani, ba a nuna ba tukuna.

"Ba ta bi su ba, Baba. Ta gaishe su da ladabi, ta koma wurin tsohonta."

"Ja'ira," ya ce, yana ɗan murmushi.

Bai kai ƙarshen makon ba. Aka binne shi a maƙabartar Musulmi, ba nisa da kabarin Malam Abdulhakeem. Surayya ta yi maraici karo na biyu, kuma wannan ya fi na farko ciwo, don yanzu ta san abin da ta rasa.

Bayan an watse daga wasanni biza ta fito. Alhaji Maidaji ya sauka da jakar goro da atamfofi. Da Surayya ta fito gaishe shi ta durƙusa, sai ta ga goshin mahaifinta da irin tsayuwarsa. Ta so ta ji haushinsa, ta kasa. Ya zagaya gidan, ya ga ɗakinta, ya ga labulen da aka raba falo da shi don Izzuddeen ya kwana, tunda ita aka bar wa ɗakin. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da babbar riga.

"Da me zan biya mutumin nan? Ko fuskarsa ban gani ba..."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a falon. Kanawa, mutanen Nijar, ƴan Ghana, har da laoban mai gidan da ya zo ya rakuɓe a bakin ƙofa. Surayya na cikin kicin tare da Inna Habsatou, maƙwabciyarsu da ta saka mata lalle. Ƙofar a ɗan buɗe take, tana jin komai.

Liman ya yi gyaran murya.

"Waliyyin amarya?"

"Ga ni," in ji Alhaji Maidaji. "Baffanta ne, ƙanin mahaifinta."

Aka yi ta masha Allah.

"Wakilin ango fa?"



Mutane suka shiga kallon juna. An yi shirin abinci, an yi na goro da tabarma, amma ba wanda ya tuna da wannan. A ran kowa wurin na Tankari ne, ba a taɓa tunanin wani ba.

"Wa zai karɓa wa ango?" liman ya sake tambaya.

Ta kafar ƙofa Surayya ta hango Izzuddeen cikin farar shadda, kansa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Wani dattijo ya yunƙura zai matso, Izzuddeen ya ɗaga masa hannu.

"A bari, Malam," ya ce, muryarsa na karyewa. "Babana ya ce shi zai roƙa min ita. Ba zan sa kowa a wurinsa ba. Ni zan roƙa da bakina."

Ya taso ya durƙusa a gaban Alhaji Maidaji.

"Baffa... a madadin Tankari, ina neman auren ƴarku Surayya."

Sai da Alhaji ya share ido da hannun riga.

"Na ba ka. Na ba Tankari."

Surayya ta sulale ta zauna a ƙasan kicin.

"Baba," ta ce cikin raɗa, "ni ka samo min mai ba da ni... Yaya fa, wa ka bar masa?"

A falo aka shafa Fatiha. Inna Habsatou ta miƙe, ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai kuka ya ƙwace mata.