Muryar Da Ke Cikin Kaset

“Direba, don Allah kashe!”

Ko waiwayowa direban tasin bai yi ba, sai ma ya ƙara murya.

“Haba ƙanwata! Wagga waƙa ita ad da gari yanzu. Jinaidu mai shagon kaset na Sama Road yat tsara ta, ga sunanai nan jikin kwali.”

Karimatu ta damƙe hannun ƙawarta Rahila. Muryar Karimatu ce ke tashi daga kaset ɗin. Har ɗan tarin da ta yi kafin baiti na biyu yana nan, ba a goge ba.

Wata huɗu ke nan da ta rera ta. A shekarar da gwamnatin soja ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, kowane gida a Sakkwato sai da ya yi rakoda, masoya kuma suka huta da wasiƙa, sai aiken kaset. Da Jinaidu, saurayin da aka sa musu rana, zai tafi Legas sarin kaya, shi ya kawo mata rakodarsa har Ƙofar Marke.

“Rabin raina, ɗauko mini muryarki in tai da ita. Ni kaɗai zan ji, wallahi ni kaɗai...”

Ta kulle ɗaki ta rera masa abin da ba za ta iya faɗa ido da ido ba. Sunansa ne kawai ba ta saka ba. A gidansu mace ba ta kama sunan wanda za ta aura. Shekara biyu “Malam” take ce masa, yana roƙo yana magiya ta faɗa ko sau ɗaya, tana rufe fuska da mayafi.

Kunyar nan ita ta kashe ta.

Kwana uku bayan tasin, Sadiyatu, 'yar kawun Jinaidu da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ta ɗauki kaset ta kai wa mahaifiyarsa Iyatu. Ita dai Sadiyatu Allah ya ba ta kunne, sai dai ba ta taɓa jiyo alheri da shi ba.

Da hantsi Iyatu ta faɗo gidan su Karimatu ko gaisuwar kirki babu.

“Ɗiyarku tana rera ma wani ƙato waƙa, 'yan tasha na rawa da ita! Wa ta ka nufi? Ai ba ta hwaɗi suna ba! Na tambayi ɗana, ya ce shi ma saye yay yi hannun wani baƙo. Mun janye!”

Karimatu na bayan labule.

Saye ya yi... hannun wani baƙo...

Mahaifinta, Alhaji Siddiƙu, mutum ne da ake jin maganarsa a kasuwar shanu. Ranar bai fita ba. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba, ruwan alwalar da ta kawo masa ne kawai ya bari a inda ta ajiye. Wannan ya fi mata duka ciwo.

Rahila tana buga tafireta a ofishin wani lauya, don haka ta san abin da ƙawarta ba ta sani ba.

“Akwai doka, Karima. Wanda ya yi waƙa shi ke da ita, ba wanda ya kwafa ba. Oga zai rubuta masa takarda ya daina sayarwa. Amma sai kin fito fili kin ce taki ce.”

“In hito in ce mi? Kowa shi san ni ta?”

“Ai sun riga sun sani. Wanda kika yi wa ne ba su sani ba.”

Ranar Asabar bayan azahar shagon Jinaidu ya cika. Lasifika biyu a bakin ƙofa, muryarta na tashi har tsallaken titi. Jinaidu na hango Karimatu tafe da Rahila ya zabura ya tare ta.

“Hasken idona... zo daga ciki mu yi magana.”

“Nan ma ya yi.”

“Wallahi don ke niy yi! Wani ya ji ta cikin mota ya ce a kwahe mishi, daga nan abu yab bunƙasa. Da shi zan haɗa miki lehe na gani na hwaɗa.”

“Shi ya sa kac ce ma Innarka ba ka san ni ba?”

Ya sunkuyar da kai.

“Tsoro nij ji. Ki bari maganar ta kwanta, ni zan lallashe ta...”

“Baba kwana biyar bai taka kasuwa ba.”

“Karimata...”

Ta dube shi. Har yanzu tana son sa, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta miƙa hannu ta danne rakodar. Shagon ya yi tsit.

“Jama'a, ni ce Karimatu ɗiyar Alhaji Siddiƙu ta Ƙofar Marke. Muryag ga tawa ta, waƙag ga tawa ta. Ban rera ma ƙaton banza ba. Wanda anka sa muna rana da shi nir rera mawa, amana nib ba shi.”

Wani dattijo da ya zo sayen batir ya ce, “Wane ne shi, ɗiyata?”

Rahila ta ajiye takardar lauya a kan teburin shagon. Karimatu ta janye mayafin daga fuskarta, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

“Jinaidu,” in ji ta. “Ga shi nan tsaye.”

Ya dafa bango. Shekara biyu yana roƙon ya ji sunan nan a bakinta, kuma ya fi kowa a shagon sanin dalilin da ya sa yau ta iya faɗa: ba shi za ta aura ba.