Kwalba ta Uku

"Ka taɓa kwalbar nan ko ba ka taɓa ba?"

"Haba zuciyata, a ɗakin aikinki za ki titsiye ni kamar ɓarawo?"

"Amsa nake jira."

Ya cusa hannu a aljihu, ya kalli taga.

Kwalabe shida ne jere a ƙarƙashin fitila. Wata uku tana kiwon gansakuka a cikinsu, irin ƙananan nan da sai an sa madubin bincike ake ganinsu, waɗanda 'ya'yan kifi ke rayuwa a kansu. Kowace kwalba da ruwan wani gefe na tafki. Biyar suna yin kore. Ta uku kuwa, wadda take ɗebo ruwanta a bakin bututun masana'antar rinin mahaifinsa, kwana biyu take yi ta koma ruwan ƙasa, gansakukar ta kwanta a gindi, matacciya.

Yau ta tarar da ita kore shar. Gobe za ta miƙa rahoton bincikenta a kan ruwan tafkin. Aurensu saura wata ɗaya.

"Sau goma sha ɗaya tana mutuwa a hannuna," ta ce. "Sai jiya da na ba ka makulli ka ɗauko min wayata, ta farfaɗo?"

"Ikon Allah..."

"Kada ka sa Allah a ciki! Dubi layin da nake ja a jikin kowace kwalba. Duk biyar ɗin sun ragu da yatsa guda. Ka zubar da ta uku, ka tsiyayo daga sauran ka cika ta."

Kafaɗunsa suka sauka.

"Abba ya rantse. In rahoton ya fita haka, babu aure."

"Na sani. Ummarka ma da kuka ta roƙe ni."

"To ki ji tausayinmu mana! Mutum tamanin ke cin abinci a masana'antar nan. Wannan kuwa ƙura ce, koriyar ƙura a kwalba!"

Maganar ta soke ta. Shi ne fa ya taɓa zama gefenta yana leƙa madubin, yana dariya wai ta haifi 'ya'ya miliyan kafin aure.

"Bara kawuna ya sayar da kwale-kwalensa," ta ce a hankali. "Babu kifi. Ƙurar ce ta fara mutuwa, kifayen suka biyo baya."

"Masoyiyata..."

"Da ka roƙe ni, da na ƙi, kuma da na ci gaba da sonka. Amma ka shigo a bayan idona."

Ta zare zoben baikonsu, ta ajiye a gindin kwalba ta uku. Ta sunkuya ta ɗauki jarka.

"Zan nemi a ɗaga min ranar miƙa rahoton, in koma bakin bututun. Kwana biyu kawai take buƙata."

Wayarsa ta hau ruri. Abba ne. Ta raɓa shi ta fice, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Tana kan matakala ta ƙarshe muryarsa ta biyo ta, a karye.

"In na ɗebo miki ruwan da hannuna... za ki mayar da zoben?"