Gambir Ɗin Ƙasan Buhu

Ranar kasuwar Pangkalan wuƙa ta yi wa Nelfita aika-aika. Tana yanka kurkum a rumfar mahaifiyarta, inda suke sayar da haɗin shafa fuska da jiƙe-jiƙe, sai wuƙar ta zame ta yanke mata yatsa. Kafin ta gama cewa wash, wani saurayi mai buhu a kafaɗa ya dire kayansa, ya ciro curin gambir ya murtsuke a kan ciwon.

"Kai, me ka zuba mini?" ta ce, tana fizge hannu.

"Abin da na dafa da hannuna ne, Diak, ƙanwata. Tsaya ki gani."

Fatar ta tsuke, jinin ya tsaya cak. Maimakon godiya, sai ta kalle shi sama da ƙasa.

"Wa ya sani ko kai ka yi wa wuƙar asiri don ka samu ciniki?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sunansa Erizon, daga tudun Kapur, inda suke dafa ganyen gambir su matse ruwan su busar da shi curi-curi. Ita kuwa zargi gadonta ne, domin uwarta Mak Rosma ko ruwan sama ne ya sauko sai ta tambayi wanda ya aiko shi.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta, don lambarta tana rubuce a jikin rumfa.

"Yaya yatsan sarauniyar zargi?"

"Ya kame. Har yanzu ina bincike a kanka, Uda." Uda shi ne yaya a bakinmu, haka mace ke kiran namijin da ya girme ta.

"Ki yi a hankali, Kurkum ɗina, kada ki gama da wuri."

Tun daga nan kowace kasuwa sai ya biyo. Ta fara zuba gambir ɗinsa a haɗin fuska, maiƙo ya riƙa ɗaukewa, ƙuraje suna bushewa, 'yan mata suka yi wa rumfar caa. Wata rana ya kawo mata shayin ganyen, babu sukari. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Uda, kashe ni za ka yi? Ya ɗaure mini harshe kamar ɗanyar ayaba!"

"Baurin ke nan. Shi ne ya rufe miki yatsa, shi ke tsayar da gudawar yara. Kada ki yi magana, jira kaɗan."

Ta jira. Can sai wani zaƙi siriri ya taso mata daga maƙogwaro. Ta sunkuyar da kai, don ta san ba shayin kaɗai ta fara so ba.

To, ai ba a rasa ɗan baƙin ciki. Dodi, ɗan wani dillali, ya daɗe yana zarya a kan Nelfita ba ta ko ɗaga ido. Ya sami Mak Rosma ita kaɗai ya rage murya.

"Mak, ni fa ban ce komai ba. Amma kin san wasu na cakuɗa yumɓu da takin zamani don kaya su yi nauyi. Saman buhu tsaf, ƙasan buhu sai Allah. Shi kuma na yaron nan haskensa ya yi yawa."

Munafuki! Ya jefa ashana ya yi gaba abinsa.

Mak Rosma ta tsare 'yarta a madafa. "Mutumin da zai zuba taki a maganin yara, shi zai shigo gidana ya zama mijinki? Ba da ni ba."

"Amak, kin ɗanɗana da bakinki. Kin jiƙa a ruwa, babu abin da ya kwanta."

"Na ɗanɗana wanda ya zaɓo ya kawo mana. Ke soyayya ta rufe miki ido, ni nawa a buɗe suke."

Nelfita ta yi kuka, ta daina cin abinci, har kawunta Mamak Bustami ya sa baki aka yanke ranar zuwa gidan su Erizon neman aurensa, kamar yadda dangin mace ke yi a wurinmu. Kowa ya yi mamakin saurin amincewar Mak Rosma. Ashe da nata a ƙasa. Ta aiki wata maƙwabciya da Erizon bai sani ba, ta sayo gambir daga can ƙasan buhunsa. Shi ta jera a carano, tasar tagullar da ake kai ganyen sirih da kayan taunarsa, wanda in iyayen ango suka tauna, sun karɓi magana.

"Taki kaɗan zai iya ɓuya wa harshena," ta ce wa Nelfita. "Amma uwarsa ta san abin da ke shiga tukunyar gidansu. Zan faɗa mata inda ya fito, mu ga ko za ta kai shi baki. In kika tsegunta masa, na fasa."

Da safiyar ranar, bayan mu danginta mun kama hanyar gidan su Erizon, Nelfita ta zauna a bakin matakala da waya a hannu. Ta rubuta: "Uda, ka ce wa Amak ɗinka duk abin da aka miƙa mata ta tauna, don Allah." Ta tsaya tana kallon saƙon. In kayansa masu tsabta ne, gargaɗin na mene ne? In kuma ba su da tsabta fa? Tsoro ya kama ta, ta ji kunyar kanta, ta goge. Nasa ya shigo.

"Kin yi shiru, Kurkum ɗina. Lafiya?"

Ta kife wayar a kan cinyarta.

Ni ina cikin ayarin, da idona na gani. Mamak Bustami ya gama dogon jawabinsa, aka tura carano gaban Mak Tiah, mahaifiyar Erizon, tsohuwa 'yar firit. Ta naɗe ganye ta ɗaga ke nan, sai Mak Rosma ta yi gyaran murya.

"Uni, yayata, gambir ɗin na ɗanki ne. Daga ƙasan buhunsa na sa aka sayo."

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta dubi ganyen, ta dubi Mak Rosma, sannan ta ajiye shi a kan tabarma.

Mak Rosma har ta fara gyara mayafi za ta miƙe.

"Eri!" tsohuwar ta ƙwala kira. "Kawo mini ɗan turmina. Sun ga ina da haƙora ne?"

Ya kawo. Ta warware ganyen ta leƙa, ta ja tsaki. "Wa ya gutsuro wannan? Rowa kamar ba a tudun gambir muke ba." Ta ɗauki curi guda sukutum ta jefa a turmi, ta daka, ta cika baki. Kumatunta suka tsuke, ta lumshe ido tana taunawa a hankali, ɗakin tsit.

"Ai na ƙasan buhu ya fi," ta ce. "Shi ya fi daɗewa a rana. In akwai sauran bincike, tukunyarmu na bayan gida, ki shiga ciki ki zauna."

Dariya ta ɓarke, har Mamak Bustami ya ƙware. Mak Rosma kuwa ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Muna hanyar dawowa Erizon ya kira Nelfita. Kafin ya ba ta labari ta tari numfashinsa.

"Uda, na san da tarkon nan, ban faɗa maka ba. Kuma har ni sai da na yi shakkarka."

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da kin faɗa mini, da har mu tsufa kina tambayar kanki ko dole Amak ta yi wa bakinta. Yanzu kin gama binciken?"

"Na gama," ta ce, tana share hawaye.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure, aka rako ango gidan amarya da kiɗa. Dodi ya ce ciwon ciki ya hana shi zuwa, Mak Tiah ta aika masa da curi guda ya jiƙa ya sha. A tsakiyar taro Erizon ya durƙusa ya miƙa wa surukarsa shayin ganye babu sukari. Mak Rosma ta shinshina, ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta jira. Duk muka zuba mata ido.

"To, akwai zaƙi a baya," ta ce. Ta ɗora hannu a kansa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tsabta har ƙasan buhu."

Muka ce amin, ita kuma ta miƙa kofi a ƙara mata.