Furen da Manhaja ta Zana

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Kauthar ta ture kujerarta baya har kofin shayinta ya kife. Ƙarfe goma na safe, ofis cike da jama'a.

Aikinsu a wannan ƙaramin kamfani na hanyar Sheda shi ne tsara ƙwayar cip, 'yar ƙwaƙwalwar nan da ba ta kai farce ba, wadda ake sakawa a mitar wuta. Injiniya zai zana yadda wayoyi za su haɗu, ya miƙa wa manhaja, ita kuma ta shimfiɗa komai da kanta: ga mazaunin kowane sashe, ga hanyar kowace waya. Inda fili ya rage sai ta cike shi da 'yan guntayen ƙarfe a jere, don masana'anta ba ta karɓar wuri fayau.

To yau ba jeri ta yi ba. A kusurwar hagu ta allon kwamfutar fure ta zana, mai ganye bakwai, na bakwan a karkace.

Lallen aurenta ne, wallahi shi ne! Mai lallen ta yi atishawa a ganye na bakwai hannunta ya goce, kuma mutum ɗaya tak ya riƙa tsokanarta da wannan: Abdulmajeed, mijinta, wanda ya rubuta manhajar. Wata biyar da aurensu hatsarin mota ya yi ajalinsa a hanyar Abaji.

Shekararsa biyu a kabari.

"Kauthar, lafiya?"

Fu'ad ne, injiniyan da ke binciken ƙarshe kafin a tura cip masana'anta. Saura mako uku a ɗaura musu aure.

Ta nuna allon da yatsa. "Ya dawo..."

"Wa?"

"Hannuna ne wannan, Fu'ad. Hannuna na ranar bikinmu da shi!"

Ya ja kujera ya shiga bin rubutun manhajar layi-layi, sai bayan azahar ya ɗago.

"Ba aljani ba ne, ba mafarki ba," ya ce a hankali. "Marigayi ne ya ɓoye umarni. Duk ranar da fili ya kai girman nan, manhaja ta zana miki furen. Ba mu taɓa samun fili haka ba sai a wannan cip ɗin."

"Kyauta ya ajiye min..."

"Haka ne. Sai dai masana'anta ta sauya ƙa'ida bara. Ganyayen sun matsu da juna, bincike ya nuna ja. In ba a goge ba kafin Juma'a, ba za su karɓi aikin ba, kuma makullin manhajar a hannunki yake."

"In goge?" in ji ta. "Maganarsa ta ƙarshe ke nan gare ni, ban ma ji ta ba sai yau!"

Duk wannan a kunnen Halimat, sakatariyar ofishin, wadda ta daɗe tana kai wa Fu'ad farfesu yana raba wa masu gadi. Kai, Halimat ba ta ɓata lokaci! Kafin la'asar labari ya isa Maitama wurin Hajiya, mahaifiyar Fu'ad, har da ƙarin gishiri.

Wayar Kauthar ta yi ƙara.

"Ke ce mijinki ke aiko wa saƙo daga kabari?" in ji Hajiya. "To ba da ɗana ba! Ki zauna da mamacinki."

Kauthar ta sauke wayar daga kunnenta. Ita kanta tsoron da take ji ke nan. Ta rubuta wa Fu'ad, "Ka yi haƙuri, a fasa," ta kashe wayar ta tafi gidansu a Kuje.

Kwana uku tana ɗaki. Ta kalli labule ta ga furen, ta zuba shinkafa a faranti ta ga furen. In ta wanke hannu sai ta tsaya tana duba tafinta, kamar lallen zai sake fitowa. Tana son Fu'ad, so na gaske, amma ta tabbata babu namijin da zai zauna da mace mai wani a ranta. Ko dai ta goge Abdulmajeed, ko ta rasa Fu'ad.

Ranar Alhamis da hantsi ta koma ofis, ta yanke shawarar gogewa, ko ba komai kada aikin mutane ya lalace saboda ita.

Ta tarar da Fu'ad a kujerarta, idanunsa jajur, rigarsa duk ta yamutse.

Furen na nan a allo. Ya ɗan ƙara buɗewa, kuma bincike ya nuna kore.

"Me ka yi?"

"Makullin manhajar ba ya hannuna, amma zanen da ta fitar ina iya taɓa shi. Guntaye ɗari huɗu da sha biyu ne. Ɗaya bayan ɗaya na matsar da su har suka cika ƙa'ida."

"Fu'ad... furen wani ne fa."

"Naki ne, masoyiya. Yaushe na ce sai kin manta da shi kafin ki so ni? Ke kika yanke wannan hukuncin ke kaɗai."

Hawaye suka ɓalle mata. "Hajiya fa?"

"Jiya na kai mata kwamfuta har falo, na nuna mata rubutun da kwanan watan da marigayi ya yi shi. Da ta gani sai ta ce Allah Ya jiƙan yaron nan, ya so matarsa." Ya sosa ƙeya. "Daga nan ta hau ni da faɗa, wai ni me na taɓa yi miki."

Dariya ta kufce mata cikin kuka.

Ya miƙe ya ba ta kujerar. Ta zauna ta danna, aikin ya tafi masana'anta da furensa.

"Saƙon da kika turo min," ya ce, idonsa a ƙasa, "ban nuna wa kowa ba. Yana nan daram, ko kin janye?"

"Na janye."

Ta zaci murna zai yi. Sai ta ga ya ɗaga hannuwansa sama a tsakiyar ofis, ya ambaci Abdulmajeed da sunan mahaifinsa, yana roƙa masa gafara da hasken kabari.

Kauthar ta ɗaga nata hannuwan kusa da nasa.

"Amin, mijina," ta ce, kuma Fu'ad take kallo.