Tsagar Innar Saudat

Ranar kasuwar Rano wata budurwa ta shigo shagon Munzali riƙe da hotuna biyu. Munzali ba mai kallon mata ba ne. Aikinsa ya sani: wanke hoto, goge ƙuraje, haɗa fuska biyu a kwamfuta su koma ɗaya. Amma ranar sai da ya ɗago kai sau biyu.

"Ni ce Saudat, daga Kahu. Innata ta rasu ina goye, ba ta bar hoto ba. An ce kamanninta na tsakanina da ƙanwarta, Yafendo Fanta. Nemo min ita."

Ya ɗora hotunan, ya yi musu ɗan layi a ƙasa. A ja hagu, Saudat ce. A ja dama, Yafendo ce. Marigayiyar tana wani wuri a tsakiya, ba wanda ya san inda take.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Mai fuska, yau ka gan ta?"

"Ban gan ta ba, Tauraruwa. Duk sanda na ja, sai hannuna ya koma hagu."

"Ka ji ka! Aiki na ba ka, ba kallo ba."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen mahaifinta, Malam Isyaku, makiyayi mai kaifi ɗaya, sai ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai yi wa halittar Allah kwaskwarima ba. Ga Saminu, ɗan wansa, yana jira da shanunsa.

Munzali bai yi gardama ba. Ya goya kwamfutarsa a babur, ya nufi Kahu bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya buɗe masa hoton da yake haɗawa.

Malam Isyaku ya kalla a kaikaice.

"Wannan wacce 'yar birni ce? Ina tsagar?"

Sai Munzali ya tuna. Tun ranar farko ya goge tsagar kumatun Yafendo, yadda yake yi wa amare ba tare da sun nema ba.

"Ni na goge, Baffa. Sabo ne. Na yi kuskure."

"To, mayar."

Ya mayar. Tsohon ya matso da buzunsa.

"Ja can. Kai, ka wuce! Dawo. Ba ni nan."

Ya ɗora yatsansa mai kaushi, ya ja a hankali kamar mai tatsar saniya mai haihuwar fari. Sai ya tsaya. Ya sa bakin rawani ya share ido.

"Saudatu! Zo ki gaida innarki."

Ta fito daga bayan zana, inda ta laɓe tun zuwan babur. Ta durƙusa gaban fuskar, tana kuka tana dariya.

Munzali ya miƙe zai tafi, tsohon ya riƙe masa riga.

"Turo manyanka. Amma ka ji: ita wannan 'yar tawa, kada ka goge mata komai."

"Ba abin gogewa, Baffa."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura. Saminu ma ya zo, har ya nemi a yi masa hoto, kada a taɓa tsagarsa. A ɗakin amarya hoton Inna ne sama da jere, tana kallon su biyun. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kawo masu kama da ita.