Ni Na Ce Ya Amsa

Badi'a na tankaɗe a tsakar gida, mahaifinta Malam Idrisu ya shigo rai a ɓace.

"A mayar wa Ya'u kayan sa-ranarsa! Ba zan haɗa zuri'a da wanda ya ce shi ɓarawo ne da bakinsa ba!"

Rariya ta suɓuce daga hannunta. Ya'u saurayinta lebura ne a wani kamfanin fatu a Challawa. Da fatu suka ɓata aka kama shi, ya daɗe a gidan yari yana jiran shari'a, kullum sai a ɗage. Daga baya lauyan gwamnati ya ce in ya amsa laifi, zaman da ya yi ya isa hukunci, ya tafi gida. In ya ƙi kuwa, to ya gyara zama. Ya'u ya ƙi ƙememe. Wa ya je ziyara yana sharɓar kuka? Badi'a mana.

"Don Allah ka amsa, Ya'u! Eh kawai za ka ce a rufe kes ɗin!"

Ya ce eh, ya fito da sunan ɓarawo. Daga kamfanonin Sharaɗa har na Bompai ba mai ɗaukarsa aiki. Ita kuwa baiwar Allah ko Ummanta ba ta faɗa wa cewa ita ta sa shi ya amsa ba, kunya na cin ta.

Yau dai ta durƙusa, hawaye shar-shar.

"Baba, ku yafe mini. Bai saci komai ba. Ni na roƙe shi ya amsa."

"Ke?!"

"Wallahi ni ce. Na gaji da jira ne."

Malam Idrisu ya dafe kai. "Ɗazu a ƙofar masallaci na ci mutuncinsa a gaban jama'a. Na tambaye shi wa ya tilasta masa. Ya sunkuyar da kai ya ce ba kowa."

Badi'a ta rufe fuska ta fashe da kuka. Dattijon ya ɗauki hularsa.

"Ina za ku, Baba?"

"Inda na zage shi, can zan ba shi haƙuri."

Bayan sallah aka ɗaura aure. Hukuncin kotu yana nan ba a goge ba, amma ba wanda ya sake kiran Ya'u ɓarawo a gaban surukinsa. Haƙurin Ya'u ya biya shi. Kafin ka zagi wanda ya amsa laifi, ka tambayi abin da ya matse shi.