Muryar Sauda a Cikin Dawa

Ranar wata Talata a ƙarshen damina, Malam Kamaruddeen ya tafi ta'aziyya wani ƙauye da ke yamma da Bagwai. Matar wani abokin karatunsa ce ta rasu. Tafiyar ba ta fi awa ɗaya a ƙafa ba, kuma hanya ce da ya sani tun yana yaro: ta ratsa gonakin dawa, ta gangara fadama, sannan ta hau zuwa unguwarsu.

Shekararsa tara da ciwon suga. Kullum da safe yana shan ƙwaya, kuma tun farko likita ya ja masa kunne cewa maganin sauke suga yake yi, ko ya ci abinci ko bai ci ba, saboda haka kada ya kuskura ya zauna da yunwa. A da ba shi ke tuna wannan ba. Matarsa Sauda ce. Da ta kalli goshinsa ta ga zufa, ta san abin da ake ciki tun kafin shi ya sani. Ba ya fita ba ta cusa masa dabino a aljihu ba. Wata bakwai ke nan da binne ta.

A gidan makokin an kawo dambu da rana. Ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, sai ya hango abokinsa zaune a zaure yana amsa gaisuwa da ka, idonsa a ƙasa. Ya ga kansa. Lomar ta ƙi wucewa. Ya ture kwanon ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Bai baro garin ba sai da rana ta yi ja.

Dawa ta fi shi tsayi ta kowane gefe. Ƙasa na da danshi, tana warin ruwan da aka yi shekaranjiya. Kwaɗi sun fara kuka daga fadama. Bai kai rabin hanya ba ya ji 'yan yatsunsa suna rawa. Zufa mai sanyi ta tsattsafo masa a wuya. Zuciyarsa na bugawa kamar wanda ya yi gudu, cikinsa kuma ya rarake da wata irin yunwa mai sa jiri. Ya san alamun. Ya tura hannu a aljihu.

Carbi ne kawai, da hankici.

Ya ƙara sauri, amma ƙafafun ba su bi shi ba. Hanyar ta rabu biyu a idonsa, ta sake haɗewa. Can nesa ya ji ladan ya ɗaga kiran magariba. A tsakiyar kalma kiran ya yanke.

Kwaɗin ma suka yi shiru. Ganyen dawa ya daina motsi.

Sai ƙamshi ya zo. Man kaɗanya da hayaƙin murhu, gauraye da ɗan turaren wutan da Sauda take sa wa kayanta ranar Juma'a. Wata bakwai yana neman wannan ƙamshin a cikin ɗakinta, har ya gushe daga zannuwan.

Gindin wani marke, a bakin hanya, mace na zaune a kan tabarma. Ta ba shi baya. Mayafin shuɗi ne, mai ɗinki a gefe inda ƙusa ta taɓa yaga shi.

"Malam," in ji ta a hankali, "ka yi yamma."

Muryar ce. Har da 'yar dishewar da tari ya bar mata a shekarunta na ƙarshe. Malam Kamaruddeen ya karantar da yara Alƙur'ani shekara talatin, ya san wanda ya tafi ba ya dawowa, ya san magariba ba lokacin tsayawa gindin itace ba ne. Duk da haka gwiwoyinsa suka kai ƙasa a bakin tabarmar, hawaye suka haɗu da zufar fuskarsa.

Ya soma ba ta labari, harshensa na harɗewa. Ya ce 'yarsu Ikilima ta haihu bayan sallah, mace, sunanta aka sa mata. Ya ce tunkiyarta tana nan bai sayar ba. Ya ce har yanzu a zaure yake kwana.

Ba ta tambayi jaririyar ba. Hannu kawai ta sa tana shafa tabarmar.

"Ka gaji. Zo ka kwanta."

"Sugana ya sauka, Sauda," ya ce da ƙyar. "Ban ci komai ba."

"Kwanta. Rufe ido kaɗan, zai wuce."

Ya dafa tabarmar. Sanyi gare ta kamar gindin randa. Barci mai daɗi yana jan sa, kansa ya yi nauyi, ya fara karkata.

A nan wani abu ya tsaya masa a rai.

Shekara tara Sauda ba ta taɓa barinsa ya rufe ido a irin wannan hali ba. Tallafo kansa take yi, ta ɗura masa ruwan suga, tana marin kumatunsa tana faɗa: ka haɗiye, Malam, kada ka yi min barci. Sai ya farfaɗo sannan ta koma bayan ɗaki ta yi kukanta.

Ya kalli hannun da ke shafa tabarmar.

'Yan yatsun sun yi tsawo. Kowanne gaɓa huɗu.

Kuma tun da ta fara magana bai ga kafaɗarta ta ɗaga don numfashi ba.

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, ayar da ya biya wa ɗaruruwan yara. Ta ɓace masa. A'uzu billahi kaɗai ta fito, ita ma rabi.

Ya ja da baya da gwiwa. Ya faɗi. Ya rarrafa.

Bai ji ta tashi ba. Ƙamshin ne kawai ya biyo shi.

A gefen gonar maƙwabcinsa Abdulƙadir akwai layin takanɗa, dawar nan mai zaƙin kara da yake shukawa saboda jikokinsa. Malam ya sha wucewa ta wajen. Ya lalubo kara ɗaya, ya rataya da duk nauyinsa har ya karye. Hannunsa ya kasa ɓarewa. Ya sa haƙori. Ɓawon ya yanka masa leɓe, jini da zaƙi suka cika masa baki.

Ya tauna. Ya tsotse. Ya haɗiye.

Sanyi ya sauka a bayan kunnensa.

"Za ka sake barina?"

Ranar da ta rasu ya fita sallar asuba, ta ce ya ɗan zauna, ya ce yanzu zai dawo. Ya dawo ya tarar an rufa mata zane. Bai taɓa faɗa wa kowa ta roƙe shi ya zauna ba.

Ya fashe da kuka, karan na bakinsa. Bai waiwaya ba.

Ya tauna gaɓar karan ta biyu.

"Malam."

Gaɓa ta uku.

"Malam."

Wannan karon daga nesa, kuma ba dishewar. Muryar ta yi kauri, ta ja sunan har ya daina kama da maganar mutum.

Kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Rawar hannunsa ta ragu, hanya ta koma guda. Hasken tocila ya haska shi ta cikin karare. Abdulƙadir ne, ya dawo ɗaukar fartanyar da ya manta. Ya ɗaga shi, ya goya shi kusan rabin hanya, a gida aka dama masa fura ya sha kafin a sauke tuwo. Sai da suka zauna sannan Abdulƙadir ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, wace mata ce ya ji tana kiransa a gona, don ya haska ko'ina bai ga kowa ba. 

Da safe mutum uku suka je gindin marken. Babu tabarma. Shaidar gwiwoyinsa ce a kan laka, kuma taku ɗaya gaba da ita bakin tsohuwar rijiya ce da ciyawa ta rufe. A ranar aka cike ta da ƙasa.

Likita ya rage masa ƙarfin ƙwayar, ya ce idan suga ya sauka sosai mutum kan ga abin da babu, ya ji abin da ba a faɗa ba. Malam ya ce haka ne, ya yi godiya. Yanzu ba ya fita sai da ƙullin suga, kuma ya koya wa manyan ɗalibansa abin da za su yi idan suka ga yana zufa yana magana a harɗe. Ikilima ta dawo gidan da jaririyarta har aka gama girbi.

Ita ce ta lura cewa wani lokaci, idan ta ajiye masa abincin yamma, sai ya zauna yana kallon kwanon, bai buɗe ba, kunnensa na wajen gona. Wata rana ta durƙusa ta tambaye shi ko tsoro ne.



"Ba ita ba ce, na sani," ya ce. "Amma kafin ranar nan na fara manta yadda muryarta take. Ga shi ina sake mantawa."

Ikilima ta matso. Ta buɗe kwanon, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta zauna a gabansa tana share ido da gefen mayafi, ba ta tashi ba sai da ya cinye.